Fannin haƙƙin mallakar fasaha, akwai ci gaba a cikinsa?

Tambaya: Anti, ina aji huɗu a karatun lauya. Ina son koyar da dokar haƙƙin mallakar fasaha, amma Baba ya ce wannan fanni ba ya kai mutum ko'ina. Gaskiya ne?
Ɗaliba daga Zariya

Amsa: 'Yata, ki gaishe min da Baba, sannan ki ba shi labarin Farfesa Ruth Okediji, ƙwararriya a wannan fanni. A Jami'ar Jos ta yi digirinta na farko, ta wuce Harvard a Amurka ta ƙaro karatu. Ta koyar a jami'o'in Oklahoma da Minnesota, a 2017 Harvard ɗin ta ɗauke ta farfesa.

Abin da ya fi burge ni shi ne 2013, lokacin da ta shiga tawagar Najeriya a taron Marakesh na Maroko. Yarjejeniyar da aka ƙulla a can ta ba da damar mayar da littattafai rubutun makafi ko murya ba sai an nemi izinin mai littafin ba. Ni da nake da ƙane makaho, na san darajar wannan.

Sai dai hanyar doguwa ce: digiri na biyu, na uku, ga rubuce-rubuce ba hutu. Ki fara da karanta Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 tun yanzu.