Likita ya ƙara wa Mama allurar insulin, wacce zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifiyata ta daɗe tana shan metformin, ƙwayar ciwon suga, yanzu likita ya ƙara mata allurar insulin. Maƙwabta na cewa duk wanda ya fara allura ta ƙare masa. Ga wuta ba ta tsayawa a unguwarmu, kuma wani mai kemis ya ce yana da mai araha. Ya zan yi? Daga wata 'yar'uwa a Rigasa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Mama lafiya. Maganar maƙwabta ki bar ta a bakin ƙofa. Ciwon suga nau'i na 2 haka yake, yau da gobe jiki yana rage samar da insulin, sinadarin da ke sauke sugan jini, har ƙwaya ta kasa riƙe sugan ita kaɗai. Allurar nan kariya ce ga ido da ƙoda da ƙafafun Mama. Metformin kuma kada ta daina sai likita ya ce.

Mai arahar nan ce ta fi damuna. Insulin da ta sha rana a kan teburin kemis ta rage ƙarfi, ido kuwa ba lallai ya gane ba. Ki saya a inda kika ga an ciro ta daga firij, ki duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aikinta, kuma irin wadda likita ya rubuta, ba wata ba. Sannan ki karanta lambar ƙarfin insulin a jikin kwalbar: in U-100 ce, sirinjin ma ya zama U-100. Aka haɗa ta da na U-40, abin da zai shiga jikin Mama ya ninka biyu da rabi.

Wadda ba a buɗe ba tana son sanyin digiri 2 zuwa 8, amma kada ta daskare. Wadda aka fara, galibi takan yi kwana 28 in zafi bai wuce digiri 30 ba, zafin Kaduna a Maris da Afrilu kuwa ya wuce nan. Ki ɗaure kwalbar a leda, ki sa a ƙaramar tukunyar ƙasa cikin jiƙaƙƙen yashi a inuwa. Ki rubuta ranar da kuka buɗe ta.

In kika ga Mama tana gumi, hannu na rawa, ko awon sugan jininta ya sauka ƙasa da 70, alamar sugan ya yi ƙasa ke nan, ki jiƙa mata suga babban cokali ɗaya ta sha, ki sake aunawa bayan minti 15. In ta suma kada a ɗura mata komai, a garzaya asibiti, Barau Dikko ko wanda ya fi kusa.