Mai sharhin kurket: duba wanda yake biyansa kafin ka duba ƙasarsa

Ɗan'uwa, tambaya biyu ka haɗa: wane mai sharhin kurket ne ya fi kwanta mana a rai, sannan ko gaskiya ne abin da abokinka ya faɗa maka, cewa dukkansu 'yan amshin shatan Indiya da Ingila da Ostareliya ne. Na ga wasu sun jero maka sunaye sun wuce. Ni zan ɗan ja zancen, don a Hyderabad ta Indiya na koyi kallon wasan nan lokacin da nake karatu, a ɗakin talabijin na masaukin ɗalibai, inda in ba ka san kurket ba to ba ka da abokin hira.

Gwanina Michael Holding ne, mutumin Jamaika, duk da ya yi ritaya daga sharhi tun 2021. Bayansa sai Ian Bishop na Trinidad, sannan Nasser Hussain, tsohon kyaftin ɗin Ingila. Richie Benaud kuwa a tsofaffin faifai na san shi, ya rasu a 2015, amma da shi nake auna kowa.

Ga dalili. Ranar 1 ga Fabrairun 1981, a Melbourne, New Zealand na neman maki shida a jifar ƙarshe don su yi canjaras da Ostareliya. Sai kyaftin Greg Chappell ya umarci ƙanensa Trevor ya mirgino ƙwallon a ƙasa, yadda babu mai iya ɗaga ta ta tsallake iyakar fili. Dokar gasar ba ta hana ba a lokacin. Benaud, wanda shi kansa ya taɓa jagorantar Ostareliya, yana magana a tashar Channel Nine ta ƙasarsa, 'yan ƙasarsa na saurare, ya ce abin kunya ne, kuma yana cikin mafi munin abin da ya taɓa gani a filin kurket. Ka ga gwajin ke nan: me mutum yake cewa ranar da nasa suka yi ba daidai ba? Yabon abokin hamayya idan ya buga mai kyau abu ne mai sauƙi, kowa na yi.

Amma kar ka ɗauka duk wanda muryarsa ta tashi don ƙasarsa ya yi laifi. A wasan ƙarshe na Kofin Duniya na T20 (gajeren nau'in kurket) a Kolkata, 2016, West Indies, ƙungiyar haɗin gwiwar ƙasashe irin su Jamaika da Trinidad, na buƙatar maki 19 a jifa shida na ƙarshe, Carlos Brathwaite ya ɗaga wa Ben Stokes na Ingila ƙwallo huɗu a jere waje. Bishop ya kwarma ihu yana cewa a riƙe sunan yaron nan. Wa zai ce ya yi son kai? Ko Baturen Ingila ne a kujerar, ihun ya kamata. Haka mai sharhi Ian Smith na New Zealand a wasan ƙarshe na Kofin Duniya tsakanin ƙasarsa da Ingila, a filin Lord's na Landan, 2019: an tashi 241 da 241, aka ƙara jifa shida-shida aka sake yin 15 da 15, aka ba Ingila kofi don ta fi yawan bugun da ya kai iyaka. Kana jin zuciyar mutumin tana tsagewa, amma bai rage wa Ingila komai ba a bakinsa. Irin wannan so ba ya cutar da mai kallo, don a fili yake, ka san inda mai maganar ya tsaya. Ko Bill Lawry a zamaninsa na sharhi, da ba ya ɓoye cewa Ostareliya yake yi, daɗinsa shi ne abokin sharhinsa Tony Greig na gefensa yana tsokanarsa yana goyon bayan duk wanda ya zo wasa da su.

Wanda yake cutarwa shi ne wanda ba ka gani. A nan abokinka yana da gaskiya, sai dai ya ɗora laifin inda ba nan yake ba.

Ina Indiya ranar 23 ga Maris ɗin 2016, da suka kara da Bangaladash a Bangalore. Bangaladash na neman maki biyu kacal a jifa uku, Mushfiqur Rahim har ya fara murna, sai aka cafe shi, aka cafe Mahmudullah, Dhoni, kyaftin ɗin Indiya, ya sheƙa da gudu ya fitar da na ƙarshe. Indiya ta ci da maki ɗaya. A daren, jarumin fim Amitabh Bachchan ya rubuta a Twitter cewa ya kamata mai sharhi ɗan Indiya ya fi magana a kan 'yan wasan Indiya, ba na wasu ba. Dhoni, kyaftin guda, ya sake yaɗa rubutun yana cewa ba shi da abin ƙarawa. Ba a ambaci suna ba, amma mai sharhi Harsha Bhogle ɗan Indiya ya fito ya yi bayani cewa sharhin Turanci duniya duka ake aika wa, har da Bangaladash ɗin, ba kamar na Hindi ba da aka yi don 'yan gida. Makonni kaɗan bayan haka aka cire shi daga sharhin IPL, gasar ƙungiyoyin kurket ta Indiya, ta shekarar, kuma hukumar kurket ta Indiya, BCCI, ba ta bayyana dalili ba. A ɗakinmu an yi ta musu kwana da kwanaki. Abin da ya ba ni mamaki, da yawa daga abokaina sun ce ya yi daidai, wai me ya kai shi yabon baƙi. Bhogle fa ɗan Hyderabad ne, a jami'ar Osmania ya yi karatu, amma ko ɗan garinsu bai tsaya masa ba a ranar.

Ka gane yadda abin yake tafiya. Wasan da ake yi a Indiya, hukumar ce da kanta take shirya hoton da ake watsawa, ita take ɗaukar masu sharhi. A 2013 Ian Chappell, tsohon kyaftin ɗin Ostareliya, ya ƙi karɓar aikin, ya ce an gindaya masa sharaɗin kada ya taɓa batun zaɓen 'yan wasa, ko na'urar sake duba hukuncin alƙali, ko harkar shugabancin hukumar. Mai sharhi Sanjay Manjrekar ya soki ɗan wasan Indiya Ravindra Jadeja a Kofin Duniya na 2019 da kalmar da ta yi zafi, zuwa 2020 ya tsinci kansa a waje. (Shi kam ban cika tausaya masa ba, bakinsa ya fi hankalinsa sauri, kuma Jadeja ya ba shi amsa da maki 77 a wasan kusa da na ƙarshe.) Idan ka tuna cewa an sayar da haƙƙin nuna IPL na 2023 zuwa 2027 a kan sama da dala biliyan 6, ka san ba wanda zai so a tashe shi daga wannan tabarma. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Kuma ba Indiya kaɗai ba ce. Abin da ya sa Holding ya zama gwanina ya faru ne a gasar hukumar duniya, ICC. A 2019, wasan West Indies da Ostareliya a Nottingham, alƙalai suka yi ta tafka kurakurai. Mitchell Starc na Ostareliya ya ƙetare layin jifa ƙarara ba a gani ba, jifar da ta biyo baya, wadda a doka bai kamata a fitar da mai bugu da ita ta wannan hanya ba, ita ta fitar da Chris Gayle na West Indies. Holding ya ce alƙalancin ya yi muni matuƙa. Aka aiko masa da saƙo cewa ya sassauta, aikin masu sharhi ba tona asirin alƙalai ba ne. Ya mayar da amsa cewa ana neman toshe bakin masu sharhi, in kuwa haka ake so to a faɗa masa ya koma gida. Za ka iya cewa ai West Indies aka cuta shi ya sa ya tada jijiyar wuya. To, mutumin nan ya shafe shekaru yana caccakar hukumar kurket ta yankinsu fiye da yadda ya taɓa yi wa kowa.

Turawan Ingila nasu salon daban ne. Hussain da Mike Atherton ba sa raga wa 'yan wasansu, in sun yi shirme za su faɗa tun kafin a tashi. Son kan da ke cikin sharhin Ingila da Ostareliya yana cikin abin da suka ɗauka shi ne kurket na gaskiya. Filin da ƙwallo ke murɗewa tun ranar farko, kamar na Ahmedabad a 2021 da aka gama wasan kwana biyar a kwana biyu, sai ka ji ana ta kiran an ɓata wasa. Na Brisbane a 2022, mai ɗanyar ciyawa, shi ma kwana biyu aka yi tsakanin Ostareliya da Afirka ta Kudu. An yi ƙorafi, ban ce ba a yi ba, amma a kunnena ba da irin waccan muryar ta raini ba.

Akwai kuma wanda ya wuce batun fili. A 2006, a Colombo, mai sharhi Dean Jones na Ostareliya yana zaton an rufe makirfo ya kira ɗan wasan Afirka ta Kudu Hashim Amla ɗan ta'adda, don kawai Musulmi ne mai gemu. Tashar ta sallame shi, ya nemi gafara, Amla ya yafe. Ina kawo shi ne don ka san wani abin ba ya fita sai an yi subutar baki.

Abu na ƙarshe da mutane ke mantawa: mai sharhi abin da aka nuna masa yake magana a kai, wanda ke zaɓen hoto kuwa ba ka taɓa ganin fuskarsa. A Cape Town, 2018, kyamarorin tashar SuperSport ta Afirka ta Kudu ne suka bi Cameron Bancroft na Ostareliya har suka kama shi yana goga wa ƙwallo takardar yashi, abin da ya jawo aka dakatar da kyaftin ɗinsu Steve Smith da mataimakinsa David Warner shekara guda. Laifin gaskiya ne, kamun ma daidai ne. Amma a filin nan dai, a 2022, Kohli da Ashwin na Indiya suka je bakin makirfon da ke jikin sandunan wiket (sandunan da ke bayan mai bugu) suna zargin tashar da cewa baƙi kawai take sa wa ido. Ni dariya abin ya ba ni, ganin daga wace ƙasa ƙorafin ya fito.

Tunda ka ce a SuperSport kake kallo, yawanci sharhin masu masaukin baƙi ne zai iso maka, ko na ICC in gasar duniya ce. Saboda haka idan wani hukunci ya tada ƙura, jira a tashi, ka nemi abin da masu sharhin ɗaya ƙasar suka ce a YouTube, ka haɗa biyun. In kuma kana son jin Holding a ganiyarsa, nemi maganar da ya yi a tashar Sky a Southampton cikin Yulin 2020, ranar da ruwan sama ya tsayar da wasa, shi da Ebony Rainford-Brent suka yi bayani a kan wariyar launin fata.