Tambaya da Amsa: Kayan sauti na Beljiyam ko sabo dal?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Bara na yi ritaya, kuma tun ina saurayi nake da burin ajiye kayan sauti na gaske a falona, in riƙa jin faya-fayan garmahon da mahaifina ya bari. Wani ɗan kasuwa ya nuna mini tsohuwar amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) ƙirar Marantz da lasifikoki biyu na JBL, duk 'yan Beljiyam, a kan kuɗin da bai kai rabin na sabo ba. Ɗana ya dage cewa asara zan yi, gara in sayi sabo mai garanti. Maganar wa zan bi? Daga mai karatu a Tudun Wada, Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa albarka a hutun da ka samu. Kafin a raba gardamarka da ɗanka, koma wurin mai kayan ka ce ya juya maka bayan amfilifayar, ka karanta abin da aka rubuta kusa da inda wayar wuta ta fito. Mu dai komai na hannu "Beljiyam" muke ce masa, alhali da yawa daga Amurka ko Japan aka kwaso su. Wutarmu 230V ce, ta Amurka 120V, ta Japan 100V. Ina sabon shiga gyara a Dilimi na taɓa jona wata amfilifaya ƙirar Sansui da aka kwaso daga Amurka kai tsaye a soket, don ɗoki. Ko kiɗa ɗaya ba ta yi ba. Sai ƙas, sai ƙauri, sai hayaƙi siriri daga ramukan murfinta, mai ita yana tsaye a kaina. Wata biyu ina biya. In ka ga 120V, ba a ce kada ka saya ba, amma sai ka haɗa da taransifoma mai rage wuta, kuma ka lissafa kuɗinta cikin cinikin.

Lasifikokin nan su ne inda na fi goyon bayanka. Lasifika mai kyau ba ta tsufa irin na waya ko kwamfuta, akwai waɗanda suka haura shekara 30 suna aiki lafiya lau. Cire mayafin gabanta ka duba zoben soson da ya zagaye bakin babbar lasifikar da ke ciki. In ka taɓa ya marmashe a yatsanka kamar busasshen burodi, ya mutu, amma ana sake shi, sai dai ka rage farashi. Sannan sa yatsunka a hankali kewaye da tsakiyarta ka ɗan danna ciki. In ta shiga ta dawo shiru, madalla. In ka ji tana karce, nannaɗin wayar da ke ciki ya sami matsala, ka bar masa kayansa. Ƙaramar ta sama kuma, mai fitar da siririyar murya, kara kunnenka a jikinta, don sau da yawa ɗaya ta ƙone tuntuni, ƙarar kasuwa ta ɓoye.

Amfilifaya kuwa, nan ɗanka yana da hujja. Kafasitocin cikinta, wato ƙananan sassan da ke ajiye wuta, bushewa suke yi da shekaru, ko da a kwali aka ajiye ta. Kada ka yarda da gwajin minti biyu. A bar ta a kunne rabin awa, ka kashe kiɗan, ka saurara. Ƙaraf-ƙaraf idan an murɗa maɓallin ƙara yawanci ƙura ce, wadda mu nan Jos hunturu ke ba mu kyauta, feshin goge kayan lantarki kaɗan ya wadatar. Amma gurnani mai kauri da ba ya ɗaukewa, ko gefe ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi, wannan aiki ne na mai gyaran da ya san hannunsa, kuma irinsu sun yi ƙaranci.

Ba ka ambaci na'urar juya faifan ba. Wasu na'urorin 'yan Amurka masu juya faifai da bel, da bugun wutar 60Hz injinsu ke tafiya, tamu kuwa 50Hz ce, sai ka ji mawaƙi yana jan murya kamar mai jin barci, kuma taransifoma ba ta maganin wannan. Irin Technics SL-1200MK2 ba ruwanta da hakan. Allura dai sabuwa za ka saya ko ta halin ƙaƙa. Tsohuwar allura cinye faifai take yi, ga shi na mahaifinka ba su da madadi.

Batun garanti, ka tambayi ɗanka: in sabon ya lalace, wa zai gyara, a ina? Tun da aka saki Naira a 2023 farashin sababbin kaya ya yi tashin gwauron zabi, kuma takardar garanti da yawa ba ta aiki sai a ƙasar da aka sayo kayan. In dillalin yana da wurin gyara a Abuja ko Legas, to garantin ya amsa sunansa.

Da ni ne, zan ɗauki JBL ɗin in sun ci jarrabawa, in ɗauki Marantz ɗin bisa sharaɗin kwana bakwai a gida, in ta ƙi a maido mini da kuɗina. Rarar kuma ta tafi kan sitabilaiza mai kyau, don wutar NEPA ba ta tambayar sabo ne ko tsoho. Ranar da za ka koma, tafi da waƙar da kunnenka ya haddace, kada ka bari ya gwada maka da tasa.