Yara sun koma hannunsa: shin bashin ciyarwar da nake bin sa ya faɗi?

Anti, barka da aiki. Bayan rabuwata da mijina, kotu ta bar mini riƙon 'ya'yanmu biyu, ta kuma yanka masa kuɗin ciyarwa da zai riƙa bayarwa duk wata. Ya biya na ɗan lokaci, daga nan ya fara tsallake wata, har ya daina gaba ɗaya. Ni na ɗauki nauyin makaranta da asibiti da sutura, har sai da na ci bashi a wurin aiki, wanda har yau ake cirewa daga albashina. Kwanan baya aka yi mini canjin wurin aiki zuwa nesa, muka koma kotu aka mayar da riƙon yaran hannunsa don kada karatunsu ya katse. Da na tuna masa kuɗin baya, sai ya ce tunda yanzu shi ke ɗawainiya da su, maganar ta mutu. Gaskiya ne? Ina kuma tsoron idan na matsa zai hana ni ganinsu.

Uwar yara biyu

Ƙanwata, maganar ba ta mutu ba. Sabon hukuncin ya shafi abin da zai biyo baya ne, amma duk watan da ya wuce yaran suna hannunki bai biya ba, kuɗin wannan watan ya zama bashi a wuyansa, domin ke kika toshe gurbin da ya bari daga aljihunki. A Amurka, alal misali, tun 1986 dokar tarayya ta hana kotuna komawa baya su rage irin wannan bashin. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ma, a sashe na 27, ta ɗora wa ƙasashe alhakin ganin an karɓo kuɗin ciyar da yaro daga iyayen da ya rataya a wuyansu.

Kafin komai, ki ɗauko takardar hukuncin da ya mayar masa da riƙo, ki karanta ta layi-layi tare da lauya, don ki tabbatar babu inda aka rubuta kin yafe kuɗin baya. Nan ne mata da yawa suke asara, sun sa hannu cikin ɗimuwar rabuwa da 'ya'yansu ba su lura ba. Idan babu wannan, ki haɗa hukuncin farko da bayanin asusunki na banki da takardar rancen wurin aikinki, ki jera wata-wata abin da aka yanka da abin da ya shigo, sannan ki nemi kotun da ta yi hukuncin ta tabbatar da jimillar ta kuma tilasta biya. Kotu tana iya yin umarni a riƙa cirewa daga albashinsa, ko ta tsara masa biya kaɗan-kaɗan. Kada ki yi jinkiri, domin a wurare da dama akwai wa'adin da doka ta ɗiba don neman irin wannan haƙƙi.

Ki sani kuma, tunda yaran suna wurinsa, yana iya neman a yanka miki naki kason. Idan haka ta faru, kada ki ƙi biya da sunan kina cire bashinki. Ki roƙi alƙali shi ya daidaita lissafin a rubuce, in ba haka ba ke ma za ki zama mai saɓa wa umarnin kotu.

Batun ganin yara kuwa daban yake da batun kuɗi, kuma ba shi da ikon haɗa su. Idan hukuncin bai fayyace ranakun ziyara da na hutu ba, ki nemi a rubuta su a wannan zaman. Abin da nake roƙonki shi ne kada ki aika masa saƙon kuɗi ta bakin yaran. Ki bar maganar tsakanin lauyanki da kotu.