Yadda ake tsara hanya a tseren keke mai nisan zango

Malam, ka tambayi yadda masu tseren Transcontinental, wato tseren keke na ratsa nahiyar Turai, ke gane hanya ba mai rakiya. A wannan tsere da ɗan tseren keke Mike Hall ya ƙirƙiro a 2013, kowa shi ke tsara hanyarsa tsakanin wuraren tsayawa na tilas, ya ɗora ta a na'urar GPS mai nuna hanya. Gajeriyar hanya ba lallai ta fi sauri ba. Hawan tudu, ramuka da inda za ka samu ruwa su ke yanke hukunci. Ka gwada daga Zariya zuwa Jos ta Pambeguwa: sauke taswirar a wayarka tun a Samaru, domin sabis na ɗaukewa a daji, ka riƙe batirin ajiya. Kuma ka tambayi direbobin tasha halin tsaro, kada dare ya riske ka a hanya.