Dalilin 401 in kana neman tags a Docker Hub

Ɗan'uwa ka ce ka yi docker login (wato ka shiga asusunka na Docker Hub, rumbun ajiye images na Docker) lafiya lau amma da ka kira /v2/nginx/tags/list da curl (manhajar aika buƙata zuwa sabar) don ganin tags, wato sunayen sigogin image ɗin nginx, sai 401 (lambar da ke nufin ba a tantance ka ba) kawai yake dawo maka. To curl bai san ka yi login ba ai, bayanan suna cikin ~/.docker/config.json ne kuma shi ba ya leƙa can.

Sa wa curl -i ka duba kan amsar, akwai layin WWW-Authenticate, shi ne ke gaya maka inda za ka karɓo token (izinin shiga na ɗan lokaci), wato auth.docker.io/token, da service=registry.docker.io, sai scope=repository:library/nginx:pull in /v2/library/nginx/tags/list ka kira, wanda shi ne daidai, ba /v2/nginx/tags/list ba. Kula da library ɗin nan don Allah, duk image na hukuma a ƙarƙashinsa yake, mutane da yawa nan suke maƙalewa. In ka samu token ɗin sai ka tura shi zuwa registry-1.docker.io a Authorization: Bearer, kuma kar ka ajiye shi don gobe, minti 5 yake yi ya mutu, gara script ɗinka ya riƙa karɓo sabo kowane lokaci.

In repo ɗin (ma'ajiyar image ɗin) na sirri ne sai ka haɗa sunanka da access token na asusunka, wanda ke maye gurbin fasawod, wajen neman token ɗin, ni dai ba na so a rubuta fasawod a cikin script.