Na Sayi Keken Ɗinki, Ta Ina Zan Fara?

Tambaya: Na sayi keken Butterfly na ƙafa domin in riƙa ɗinki a gida don sha'awa, amma zare yana cukurkuɗewa a ƙarƙashin yadi duk lokacin da na fara. Ta ina zan soma? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: 'Yar'uwa, wannan matsala galibi daga zaren sama take fitowa, ko da yake a ƙasa ake ganinta. Ki ɗaga ƙarfen da ke danne yadi kafin ki zura zare, domin idan yana ƙasa zaren ba zai shiga tsakanin faifan da ke daidaita ƙarfinsa ba, sannan ki riƙe bakin zaren biyu, na sama da na ƙasa, a ɗinkin farko.

A ganina, kada ki taɓa atamfa mai tsada tukuna. Ki koyi taka keken ba zare har ƙafarki ta daina mayar da shi baya, daga nan ki gwada miƙaƙƙen layi a kan tsofaffin ƙyallaye, kafin ki ɗinka rigar matashin kai. Allura mai lamba 14 ta dace da atamfa, 16 kuma da yadi mai kauri. Man keke kawai za ki ɗiga masa, ban da man gyaɗa, domin yana daskarewa ya riƙe ƙarafan.